Suna a Jikin Buta

Kwana uku da haihuwar Rakiatu, gidan surukarta Hajia Safia da ke Akwatia Line a Kumasi ya koma kotu, shari'ar da ake yi kuwa ita ce ta yadda za a rubuta sunan jaririya. Sunan kansa ba a yi gardama a kai ba. Yasmin ne, wai sunan wani fure mai ƙamshi. Na tambayi mutanen gidan ko akwai wanda ya taɓa ganin furen nan da idonsa, sai aka miƙo min waya aka nuna min hoto. Mu dai a layinmu abin da na san yana tsirowa shi ne gansakuka a bakin kwata, amma ba komai, na ji na yarda, fure ne.

Baƙaƙen ne suka hana mutane sukuni. Muniru, uban jaririya, yana son Yasmin, a gajarce. Ƙanwarsa Basma, wadda ke aure a Hamburg take kuma mulkin gidan ta waya, ta ce sai dai Yasmeen, wai haka masu aji suke rubutawa. Wata 'yar dangi da ta leƙa jami'a ta kawo nata mai wutsiyar harafi a ƙarshe, aka yi mata caa, ta yi fushi ta fita daga guruf ɗin hira na waya da suka buɗe don wannan babban aiki. Hajia Safia, uwar Muniru da Basma, ba ta karatun boko, ko a kife ka nuna mata rubutun duk ɗaya ne a wurinta, amma ta tsaya tsayin daka a bayan Basma, don Basma ce ta kai ta Makka.

Ni ce Barkisu, ƙanwar mahaifiyar Rakiatu. Yayata ta rasu tun yarinyar ba ta yi aure ba, don haka ni na rufe rumfar tuwona da ke Asawase na zo yi mata wankan jego. A zamanin da na taso, suna asiri ne har safiyar bakwai. Uba ya raɗa wa malami a kunne, malami ya faɗa wa jama'a, mata su ji daga cikin gida su yi guɗa. Yanzu mai buga rubutu a Adum ne yake fara jin sunan, malami kuwa sai ya zo ya tarar da shi a jikin kwalbar ruwan da aka ajiye masa.

Dalilin duk wannan gaggawar ke nan. Za a buga sunan a jikin butocin roba da za a raba wa matan da suka zo suna, mai bugawa kuma ya ce in ba a ba shi rubutun da wuri ba, ba ruwansa. A nan Zango in ka yi suna ba ka raba abin da aka buga sunan ɗanka a kai ba, to taron makoki ka yi. Kowa a gidan ya san wannan. Kowa kuma ya san cewa mai jegon ba ta son a buga, ya kuma san dalili.

Wannan ba ita ce haihuwar Rakiatu ta fari ba. Shekara uku da suka wuce ta haifi mace, aka sa mata Warda, ita ma sunan fure, ita ma Basma ce ta zaɓo. Aka yi sunan da har yau ana labarinsa. Aka toshe layi da rumfuna, aka raba shuɗayen butoci masu farin rubutu, da hoton fure a gefe. Yarinyar ta yi wata huɗu, zazzaɓi ya kama ta ranar Talata, kafin Juma'a an kai ta maƙabartar Tafo an dawo. Allah ya bayar, Allah ya karɓa, wannan ba wanda ya ja da shi.

Amma roba ba ta mutuwa. Rakiatu ta fara fita bayan rasuwar, duk inda ta juya sai ta ga Warda. A ƙofar masallaci, a bakin famfo, a gefen mai gyaran takalmi, a hannun yaro yana wasa da ruwan kwata. Wata mai kifi ta yanke bakin tata tana ɗiban ruwan wanke kifi da ita. Wata rana da safe Rakiatu ta shiga banɗakin unguwa, wanda ake bin layi, ta tarar da butar a ƙasa cikin ƙazanta, sunan 'yarta yana kallon sama. Ta ɗauko ta, ta wanke ta da sabulu, ta kawo min rumfa a cikin zane kamar ta goyo.

Daga ranar ta kama aiki. Sai ta sayi sabuwar buta a kasuwa, ta shiga gida ta yi sallama, ta roƙi a ba ta tsohuwar a karɓi sabuwa. Ku zo ku ga halin mutane. Wasu sun ba ta da hawaye, Allah ya saka musu. Wasu suka ce ba su san inda take ba, alhali tana jingine a bayan ƙofa. Wata da ta ga ana nema, sai ta ce ita babba take so, mai murfi. Aka fara cewa matar Muniru ta taɓu. Ta yi fiye da shekara tana wannan yawon, har Aboabo, har Oforikrom, don butar suna tana da ƙafa, wannan ta ba wa wannan, wannan ta kai wa uwarta. Ba ta iya ƙona su ba, ba ta iya zubar da su ba. Suna nan jibge a ɗakin da nake ajiye gari a bayan rumfata, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma. Har yanzu ba ta gama ba, don ko a watan da za ta haihu ta hango ɗaya a saman motar kaya, ta tsaya a titi tana kallo har motar ta ɓace.

Muniru ya san wannan. Hajia ta sani. Basma ta sani, don an sha aika mata da labarin, ta kuma sha turo hoton hannuwa biyu a haɗe.

A safiyar kwana na huɗu ina gasa mata jiki da ganyen dogon yaro, tururi ya cika banɗaki, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Mma, ki gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Su sa mata sunan da suke so. Su rubuta yadda suka ga dama, ko da harafi goma ne. Amma kada su buga a jikin komai. Ni ba zan iya faɗa wa Hajia ba."

Ba za ta iya ba kam. Suruka mai jego ba ta buɗe baki a kan hidimar suna, nata shi ne ta sha kunun kanwa ta yi shiru. Ni kuwa ba surukar kowa ba ce, bakina kuma bai taɓa yi min nauyi ba. Na tausaya mata har cikin raina, na kuma ji haushin cewa sai an faɗa, abin da ya kamata a ce mutum mai hankali ya gane da kansa.

Na tarar da Hajia a tsakar gida a kan kujerarta, an jingine waya a jikin gwangwanin madara, fuskar Basma ta cika ta. Tana sanye da hular sanyi tana shan shayi, tana ba mutanen da ke cikin zafin Kumasi umarni. Na gaishe su, na zauna, na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da kwana-kwana ba. Na ce a yi suna, a yanka rago, a dafa shinkafa, a raba goro da sabulu da duk abin da ake so, amma a bar buga sunan.

Hajia ta cire tabarau ta dube ni.

"Barkisu, fatan mutuwa kike yi wa jikata?"

"Allah ya kiyaye, Hajia. Uwarta nake ji."

"Uwarta ta yi tawakkali. Wace ce ba ta binne ɗa ba a cikinmu? Ni biyu na binne, ban bi gidajen mutane ina karɓar buta ba."

"Lokacin da kika binne naki, ba a buga sunansu a kan abin shiga banɗaki ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Basma ce ta karɓe, muryarta tana yankewa tana dawowa.

"Mma Barkisu, wannan magana ba shi da kyau koraa, ko kaɗan. Mu muna tunanin lada ne. Duk wanda ya yi alwala da buta ɗin, bebi yana samu. Sadaka ne mai gudana. Kuma in ba mu yi ba, mutane za su ce mene? Za su ce Bra Muniru ya faɗi, ko kuma mun yi wa na farko ba mu yi wa na biyu ba. Yarinyar in ya girma zai tambaya."

Na ce mata yarinyar da ba ta san hannunta daga ƙafarta ba, ba ita ke kwana da abin a rai ba. Na ce in lada ake so, a kai butocin masallaci babu rubutu, Allah ya san mai su, ba ya buƙatar a rubuta masa. Basma ta ce ai in babu suna ba wanda zai san daga ina suka fito. Na gode mata da ta faɗi gaskiya ba da niyya ba. Daga nan suka koma kan abin da ya dame su, ko farin rubutu zai fi fitowa a kan kore ko a kan ruwan hoda, ni kuma na zama kamar kujerar da nake zaune a kai.

Da rana na yafa mayafi na hau torotoro, motar haya, zuwa Suame Magazine, inda Muniru ke sayar da kayan gyaran mota. Ban taɓa son wurin nan ba. Ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai, ƙarar guduma ta ko'ina, mutum ba ya jin tunanin kansa. Na same shi zaune a kan wani tsohon inji a ƙofar shagonsa, hannu ɗaya da waya, ɗayan da takardar da ya jera sunan 'yarsa kala-kala, yana nuna wa wasu makanikai biyu suna ba shi shawara. Ɗaya daga cikinsu Asante ne, ko faɗin sunan bai iya ba, amma shi ma yana da ra'ayi.

Muniru ba mugu ba ne, kada in yi masa ƙarya. Shi ne ya ɗauki gawar Warda a hannunsa, kuma na ga yadda ya rame a lokacin. Matsalarsa ita ce, duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Ya tashi da sauri ya share min benci, ya aika a kawo min ruwa, ya zauna a ƙasa-ƙasa kamar yaron kirki. Na faɗa masa komai. Na tuna masa da ranar banɗaki, na tuna masa da ɗakin garina, na ce in bai taɓa leƙawa ba ya zo in ɗaga masa tabarmar ya gani.

Idonsa ya kawo ruwa.

"Mma, wallahi na ji. Abin ya taɓa ni paa. Ban san har yanzu yana damun ta haka ba."

"A ɗaki ɗaya kuke kwana, Muniru."

"Haka ne. Ki bar min shi. Yau ɗin nan zan gyara, in sha Allah."

Na ji sanyi a raina, na ce ashe akwai namiji a gidan. Na miƙe, ya rako ni har bakin titi yana tare min motoci. Sai da na sa ƙafa a torotoro ya sunkuyo ta taga.

"Amma Mma, tsakaninki da Allah, wanne ya fi kyau a ido? Nawa ko na Basma?"

Motar ta tashi kafin in samu abin da zan jefe shi da shi.

Na koma na ce wa Rakiatu mijinta ya yi alkawari. Ta dube ni ta ce, "To." A ranar ta ci abinci sosai, har ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallon fuskarta, abin da ban ga ta yi ba tun da aka dawo daga asibiti. Shayarwa kawai take yi ta miƙo min ita, kamar kayan aro. Da yamma na ji tana yi mata 'yar waƙa a hankali.

Ana gobe suna, da hantsi, aboboya ta tsaya a ƙofar gida, keken kayan nan mai ƙafa uku, an ɗaure mata kaya har sun fi direban tsawo. Muniru ya diro daga gefe yana murmushi, ya zo har inda nake tsaye ina tankaɗe.

"Mma, na gyara. Babu buta. Na ce masu buta ba zai yiwu ba, saboda shi ne ake shiga banɗaki da shi. Bokiti na sa aka yi, da roban cin abinci. Waɗannan ba wanda zai kai su wurin datti."

Na ajiye rariya na dube shi. Yana tsaye yana jiran a yaba masa. Duk maganar da na yi a Magazine, abin da ya shiga kansa ke nan, banɗaki. Ya ɗauka in aka raba sunan da ƙazanta, shi ke nan an share wa matarsa hawaye. Ga bokitai nan koraye, sababbi fil, kowanne da Yasmin a gajarce, ya samu yadda yake so. Har yana gaya min mai bugawar ya rantse wannan fentin na waje ne, shekara goma ba ya gogewa.

Ban gama haɗiye wannan ba, wata aboboyar ta tsaya a bayan ta farko. Basma da ta ji yayanta ya soke buta ya kuma buga nasa rubutun, sai ta kira wani mai bugawar daga can Hamburg, ta ba da nata aikin. Butoci ne ruwan hoda, da Yasmeen ɗinta a miƙe, da fure a kowane gefe. Ta haka aka raba gardamar. Ba wanda ya sauka daga kan bakansa, kowa ya buga nasa, kayan da aka roƙa kada a yi ko ɗaya suka zama ninki biyu. Hajia ta fito tana tafa hannu tana cewa Allah ya yi wa 'ya'yanta albarka, zumunci ya yi daɗi.

Na ɗaga murya a ranar, ba zan ɓoye ba. Na faɗa wa Hajia abin da ban taɓa faɗa wa sa'ar yayata ba, na faɗa wa Muniru cewa ko injin da yake zama a kai ya fi shi jin magana. Hajia ta ce in na gaji da wankan jegon akwai masu yi. Muniru ya ce in yi haƙuri, an riga an buga, zubarwa kuma almubazzaranci ne. Matan gidan suka ci gaba da sauke kaya suna jerawa a zaure, bokiti cikin bokiti, suna gardamar wanne launi ya fi.

Tagar ɗakin Rakiatu tana kallon tsakar gida. Da na shiga na same ta zaune a bakin gado, jaririyar tana kwance can gefe a kan zane. Ba ta yi kuka ba. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, Mma, kin yi naki." Waƙar dai ban sake jin ta ba.

Safiyar suna maza suka taru a ƙofar gida bayan asuba. Muniru ya sunkuya ya raɗa wa malami sunan a kunne da dukkan natsuwa, kamar wani babban sirri, alhali ga shi nan rubuce kala biyu a zauren da malamin ya ratso. Aka yi addu'a, aka shafa, aka yanka rago. Na yi wa yarinyar addu'a da zuciya ɗaya, Allah ya raya ta, ya sa ta binne mu duka.

Da la'asar aka toshe layi. Rumfuna, kujerun roba, lasifikar da ke girgiza hanjin mutum. Mata suka zo cikin anko, kowacce da ƙawayenta, har da waɗanda ba su san ko mace aka haifa ko namiji ba. Aka ɗora waya a kan wani dogon ƙarfe don Basma ta kalli bikinta daga Jamus. Aka yi wa Rakiatu kwalliya, aka naɗa mata ɗankwali mai tsini, aka fito da ita. Na zaci za ta gaisa ta koma ɗaki. Sai ta sa aka kawo mata kujera ta zauna daidai bakin zaure, inda kowa zai bi ya fita, jaririyar a cinyarta.

Hajia ta ji daɗin wannan ƙwarai. Ta zo ta wuce ta gabana tana cewa, yadda zan ji, ai ga shi yarinya ta warware, dama masu zuga ta ne suka hana ta sakewa.

Da aka fara rabo sai natsuwa ta ƙare. Matan da suka zo da gwal a wuya suka koma kokawa a kan bokitin roba. Wannan ta ce ita ba a ba ta buta ba, waccan ta ɓoye ɗaya a ƙarƙashin mayafi ta sake miƙa hannu, wata ta ce a ba ta na maƙwabciyarta da ba ta da lafiya, maƙwabciyar kuwa tana tsaye a bayanta da nata a hannu. Na ga matar da ta nemi babba mai murfi a wancan karon, ta rungumo bokiti da buta da roba biyu, tana yi wa mai jego murmushi tana cewa Allah ya raya. Basma tana ihu daga cikin waya a ɗaga mata butar ta ga rubutun.

Na dubi Rakiatu. Ana gaishe ta tana amsawa da baki, amma idonta ba ya kan fuskar kowa. Yana kan hannuwa. Duk wadda ta fito daga zaure sai ta bi ta da kallo har ta karya kwana, leɓɓanta suna motsi kaɗan-kaɗan. Na ɗauka addu'a take yi. Zuciyata ta karye, na zo na tsaya a gabanta don in kare ta daga ganin wannan hauka.

"Tashi mu shiga ciki," na ce. "Kin gaji, yarinyar ma tana son nono."

"Mma, ɗan matsa. Kin tare min hanya."

"Me kike kallo a nan? Ba abin gani."

Ta gyara wa jaririyar hula, ta ja zanen ta rufe mata ƙafa, sannan ta amsa a hankali, yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Ina so in ga wa da wa suka ɗauka. Wancan karon ina ɗaki, ban gani ba, shi ya sa na sha wahalar nema."

Lasifika tana ta kiran sunan Yasmin. Na buɗe baki in ce mata ta yi istigfari, in ce wannan mai rai ce, wannan za ta zauna, amma na san ta fi ni son hakan, kuma ba ni da abin da zan ba ta jingina. Sai na koma gefenta na tsaya, na juya fuskata wajen zaure.

"Mai jan mayafin can matar Awalu ce, ta Aboabo," na ce. "Buta biyu ta ɗauka."

"Na gan ta," in ji Rakiatu. "Wace ce ta bayanta?"